Amfani da Rile Wajen Sarrafa Fitila da Fanka Mataki-Mataki a Gidajen Potiskum

1.0 Gabatarwa

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a Potiskum yakan haura digiri 40, wutar da kamfanin rarraba lantarki na Yola ke bayarwa kuwa ba ta da tabbas. Wannan ya sa magidanta da dama suka koma ga sola da batir. Ga irin wannan magidanci, fankar da ta kwana tana gudu da cikakken ƙarfi tana iya shanye batir tun kafin asuba.

2.0 Yadda Rile Ke Aiki

Rile makunni ne wanda wuta ke kunnawa maimakon yatsa, kuma ana danganta asalinsa ga Joseph Henry na Amurka, wajen 1835. A cikinsa akwai naɗin waya. Idan ƙaramar wuta ta bolt 5 ko 12 ta ratsa naɗin, sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe wanda zai haɗa layin babbar wuta ta bolt 230. Abin lura a nan shi ne, rile abu biyu kawai ya sani: kunnawa da kashewa. To, ta yaya za a sami matakai?

A wajen fitila, dabarar lissafi ce. Alal misali, idan aka kasa ƙwayaye 7 gida uku, wato 1 da 2 da 4, kowane kashi da rilensa, za a sami matakan haske 7.

Sha'anin fanka ya fi wuya. Na'urar rage hasken fitila takan sa ta gurnani, shi ya sa aka fi son kafasita. Rile na farko zai bi da wuta ta ƙaramar kafasita, fanka ta juya a hankali. Na biyu ta babba, gudu ya ƙaru. Idan aka haɗa su biyun ya daɗa ƙaruwa. Na uku kuma ya tsallake su duka. Da ɗan agogon lantarki ana iya sa gudun ya ragu da kansa can cikin dare, lokacin da iska ta yi sanyi.

Sai dai akwai haɗari. Idan aka ciyar da naɗin daga wutar layi, kuma ta zo ba ƙarfi, ɗan ƙarfen yakan yi ta karkarwa yana tartsatsi har bakinsa ya ƙone ko ya manne, wanda hakan kan jawo gobara. Don haka ya fi dacewa a ciyar da naɗin daga batir, a kuma sa fis a gaban kowane layi.