Dillancin Talla Ta Wasiƙar Imel: Yadda Ake Tayi Da Yadda Ake Yanka Farashi

Yau za mu yi magana a kan wani irin dillanci wanda ba ya bukatar rumfa ko ɗan dako. Watau yaro mai kwamfuta ya zo wa ɗan kasuwa ya ce: "Alhaji, ba ni sunayen abokan cinikinka, ni zan riƙa aika musu labarin kaya da farashi ta imel, kai kuwa ka biya ni." To, nawa ya kamata ya nema, nawa kuma ya kamata Alhaji ya taya?

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun 1978 wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutane wajen 400 talla a wasiƙa ɗaya. Yanzu akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, su ajiye sunaye su aika wasiƙu. Mailchimp, wanda aka kafa a 2001, kamfanin Intuit ya saye shi a 2021 a kan kimanin dala biliyan 12. Kun ga ke nan akwai kuɗi a ciki.

Amma fa ba kowane ɗan kasuwa wannan ya dace da shi ba. Mai sayar da atamfa turmi ɗai-ɗai a Kantin Kwari, mutanensa suna WhatsApp, can zai same su. Wanda imel ke yi wa rana shi ne mai hulɗa da ofisoshi, makarantu, otal-otal da kamfanoni, ko mai fitar da riɗi da zoɓorodo daga Dawanau zuwa ƙasashen waje. Dillalin kirki zai faɗa wa mutum gaskiya tun kafin a karɓi kafin alƙalami.

Kuɗi iri biyu ne, kada a cakuɗa su. Akwai kuɗin kamfanin da ke aika wasiƙun, akwai kuma ladan mai aiki. Mailchimp yawan sunaye yake dubawa: sunaye suka ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Brevo na Faransa, wanda a da ake kira Sendinblue, yawan wasiƙun da aka aika ya fi dubawa. Galibi da kuɗin waje ake biyansu, kuma kowa ya ga yadda dala ta yi da Naira tun Yunin 2023. Saboda haka dillalin da ya haɗa kuɗin kamfani cikin ladansa ya yanke farashi ɗaya na shekara, shi zai kwana a ciki. Abin da ya fi, a buɗe asusun da sunan mai kaya, shi ya riƙa biyan kamfani da hannunsa. Sunayen ma nasa ne. Ran da aka rabu, ba rigima.

Ladan aiki kuwa hanya huɗu ake bi. Na farko, kuɗin kafawa, sau ɗaya ake biya: buɗe asusu, tsara sunaye, shirya fasalin wasiƙa. Na biyu, jingar wata-wata, a ce wasiƙa kaza a wata a kan kuɗi kaza. Na uku, kuɗin kowace wasiƙa, ga mai talla sai lokacin sallah ko kaka. Na huɗu, la'ada, irin tamu ta kasuwa. La'ada tana da daɗin ji, amma ita ta fi kawo musu, domin mai saye zai karanta wasiƙa ya buga waya ko ya zo shago, Alhaji ya ce ai dama tsohon abokin cinikinsa ne. In za a yi la'ada, a sa wata alama a wasiƙar wadda mai saye zai ambata, kuma a ɗora ta a kan 'yar jinga, kada ta tsaya ita kaɗai.

Ga misali na lissafi. A ce jinga N60,000 a wata, wasiƙa huɗu. Kowace wasiƙa awa uku, awa 12 ke nan, a ƙara awa uku na gyaran sunaye da rahoto, 15. Awa ta tashi N4,000, ba a cire kuɗin data da man janareta ba. Ta wajen Alhaji kuwa, a ce kamfani ya ci N30,000, jimla N90,000. In ribarsa a kowane ciniki N5,000 ce, sai wasiƙu sun kawo ciniki 18 kafin ya mai da kuɗinsa. Kowa ya yi wannan lissafi da alƙaluman kansa kafin a ce an sallama.

Sai a yi hattara da abu biyu. Kada a sayi sunayen mutane a hannun wani. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum ikon hana a yi masa talla da bayanansa, Turai kuma tana da tata mai tsanani tun 2018. Gmail da Yahoo ma, daga Fabrairun 2024, sun ɗora wa masu aika wasiƙu da yawa sharaɗin su sa wurin da mutum zai danna ya ce a daina aiko masa. In ƙorafi ya yi yawa, wasiƙunka kwandon shara za su riƙa faɗawa. Na biyu, kada a ruɗe ku da "mutum kaza sun buɗe wasiƙa". Tun 2021 Apple ya kawo tsarin da ke sa wasiƙa ta nuna an buɗe ta ko ba a karanta ba. Ku tambayi nawa suka danna, nawa suka kira, nawa suka saya.

A rubuta yarjejeniya a takarda: wasiƙa nawa, gyara sau nawa, wa zai kawo hotuna da farashi, ranar biya. A gwada wata uku, sannan a zauna a duba littafi. In ta biya a ci gaba, in ba ta biya ba kowa ya kama gabansa da mutunci.