Siminti da Lafiyar Ma'aikaci

Garin Dogon Daji yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Manyan motoci sukan bi ta wannan hanya ɗauke da siminti. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, akwai masana'antar da ta fara yin siminti a shekarar 1967. Can ake haƙo dutsen farar ƙasa, a gauraya shi da yumɓu, a ƙona da wuta mai tsananin zafi, sa'an nan a niƙa ya zama gari. Kowane buhu nauyinsa kilo 50 ne.

In an dubi siminti sai a ce toka ce, ba ta cutar kowa. Amma da ya gamu da ruwa sai ya yi kaifi, har ya fi ruwan kanwa. To, gumi ruwa ne, hawaye ma ruwa ne. Saboda haka ɗan dakon da ya ɗauki buhu ba riga, da leburan da ya taka kwaɓin siminti ba takalmi, fatarsu suke ƙonawa. Abin tsoron shi ne, wannan ƙuna ba ta zafi nan da nan. Sai bayan sa'o'i mutum ya ga fata ta saluɓe. Ƙurarsa kuwa tana sa tari, in aka yi shekaru ana shaƙarta takan lalata huhu.

Magini mai hankali yakan sa safar hannu ta roba, da dogon takalmin roba, da tabarau. Yakan rufe hanci da baki da takunkumi. In zai zazzage buhu, sai ya juya wa iska baya, ya zazzage a hankali. Ba ya cin abinci ko goro sai ya wanke hannu da sabulu.

In siminti ya faɗa ido, ba a murzawa. Akan yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 20, sa'an nan a garzaya asibiti.

Yara kuma ba su wasa inda ake buga bulo, ba su ƙunsa abinci a takardar siminti. Gidan da ya tsage ana yaɓe shi, amma idon da ya mutu ba maginin da zai gyara shi.