Fita Gidan Yari Ba Ita Ce Ƙarshen Ɗauri Ba

A ƙasar Ungogo gona tana jikin gona. Idan aka tsare magidanci a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse saboda 'yar tara ko ɗan bashi, sai damina ta wuce shi, ciyawa ta cinye shuka, iyali su tagayyara. Alhali kuwa wajen kashi biyu cikin uku na tsararrun Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ƙarfafa hukunta mai ƙaramin laifi da aikin hidimar jama'a maimakon ɗauri. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta tattara gudummawar Naira miliyan 585 domin sakin mutum 4,068 waɗanda tara ta riƙe.

To, amma wanda ya fito babu jari, babu mai amince masa, komawa zai yi. Saura ya rage ga malamai da attajirai. Malami ya sulhunta masu husuma tun kafin su kai gaban alƙali, ya kuma hana gori. Attajiri ya biya tara, ya ba shi haja ya juya. Allah ya kyauta, amin.