Gidan Shafan Magatakarda: Yadda Aka Bi Sawun Asalinsu

 Yau za mu duba asalin wani gida na Yahudawa wanda ya zauna a Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu. Sunan maigidan Shafan. Ma'anar sunan nan a harshen Ibrananci ita ce rema, ƙaramar dabbar nan mai zama cikin duwatsu. Ba sarki ba ne, ba kuwa annabi ba. Magatakarda ne a fadar Sarki Yosiya.

Da yawa daga cikinmu, idan muna karatun Littafi Mai Tsarki muka iso inda aka jera wane ɗan wane, sai mu tsallake. Amma ga Bayahude asali ba abin wasa ba ne. A cikin Ezra sura 2 mun ga waɗansu gidaje uku na firistoci, wato zuriyar Habaya da Hakkoz da Barzillai, waɗanda suka komo daga bauta a Babila. Suka nemi sunayensu cikin littafin asali, ba su samu ba. Saboda haka aka fitar da su daga aikin firist. Gādon gona da hidimar Haikali duk sun rataya a kan rubutaccen asali.

To, yaya ake bin sawun gida irin wannan bayan shekara fiye da 2,600? Babu wata sura guda da ta jera mana 'ya'yan Shafan. Sunayen suna warwatse cikin littattafai dabam dabam, sai an tsinto su ɗaya ɗaya. Abin da ke taimakon mai bincike shi ne al'adar mutanen lokacin. Ba su da sunan dangi, sai a kira mutum da sunansa da na ubansa, wani lokaci har da na kakansa, kamar yadda mu ma muke yi. Idan sunan uba ya yi daidai, zamani ya yi daidai, aiki kuma ya yi daidai, sai a ce an sami mutumin.

Mafarin sawun yana cikin 2 Sarakuna sura 22, kuma 2 Tarihi sura 34 ta ba da labarin. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wato wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, sarki ya aiki Shafan zuwa Haikali a kan batun kuɗin gyaran ginin. A nan aka gaya mana cewa uban Shafan shi ne Azaliya, kakansa kuwa Meshullam. Ga tsara uku ke nan a wuri guda. A cikin aikin gyaran ne Hilkiya babban firist ya sami Littafin Shari'a, ya ba Shafan. Shafan ya karanta, ya kai wa sarki, ya karanta masa. Da sarki ya ji sai ya yayyage tufafinsa don baƙin ciki. Ya aiki mutum biyar wurin annabiya Hulda su nemi nufin Ubangiji. A cikinsu akwai Shafan kansa, akwai kuma ɗansa Ahikam. Ga tsara ta huɗu ta bayyana.

Daga nan sai mu koma littafin Irmiya, gama a can ne sauran labarin gidan yake. A sura 26, a farkon sarautar Yehoyakim ɗan Yosiya, Irmiya ya yi wa'azi a filin Haikali cewa za a rushe wurin idan jama'a ba su tuba ba. Firistoci da annabawa suka kama shi, suka ce ya cancanci mutuwa. Ba barazanar banza ba ce. A zamanin sarkin nan an bi wani annabi mai suna Uriya har Masar, aka komo da shi, sarki ya kashe shi da takobi. Amma Ahikam ɗan Shafan ya tsaya wa Irmiya, aka kasa ba da shi ga masu neman ransa.

A sura 36 mun sadu da ɗa na biyu, Gemariya ɗan Shafan. Irmiya ya faɗa wa Baruk saƙon Ubangiji, Baruk ya rubuta a kan naɗaɗɗen littafi. A shekara ta biyar ta Yehoyakim, wajen 604, a ranar azumi, Baruk ya karanta wa jama'a littafin. A ina ya tsaya? A ɗakin Gemariya da ke cikin Haikali, kusa da Sabuwar Ƙofa. Wanda ya ji karatun ya gangara fada ya sanar da fādawa shi ne Mikaiya ɗan Gemariya, jikan Shafan. Ga tsara ta biyar. Fādawan suka sa Baruk ya karanta musu, tsoro ya kama su, suka ce masa shi da Irmiya su tafi su ɓuya. Sa'an nan aka kai wa sarki littafin. Watan tara ne, lokacin sanyi, wuta tana ci a kasko a gabansa. Duk sa'ad da aka karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya yanke da wuƙa ya jefa cikin wuta. Mutum uku suka roƙe shi kada ya ƙone littafin, wato Elnatan da Delaiya da Gemariya. Bai saurare su ba.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Shafan ya karanta wa Yosiya maganar Allah, Yosiya ya yage tufafinsa. Ɗan Shafan ya tsaya a gaban ɗan Yosiya, ɗan Yosiya ya yage maganar Allah. Gidan sarki ya juya cikin tsara ɗaya. Gidan magatakarda bai juya ba.

Ɗa na uku yana cikin sura 29. Bayan Nebukadnezzar ya kwashe kashi na fari na mutanen Yahuza zuwa Babila a shekara ta 597, Irmiya ya rubuta musu wasiƙa. Ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, gama bautar za ta kai shekara 70. Mutum biyu suka ɗauki wasiƙar, Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya. A nan mai bin asali yake buɗe ido. Gemariyan nan ba shi ne wanda ya roƙi sarki ba. Suna ɗaya ne, zamani ɗaya, gari ɗaya, amma uba dabam. Wanda ya yi garaje zai haɗa gida biyu ya mai da su ɗaya.

Na ƙarshe da labarinsa ya zo mana shi ne Gedaliya, ɗan Ahikam, jikan Shafan. Littafin Irmiya ya kira shi da sunayen nan uku, don haka babu shakka a kansa. Akwai wani Gedaliya ɗan Fashur a sura 38, yana cikin waɗanda suka jefa Irmiya cikin rijiya, amma shi ɗan wani gida ne. Da Urushalima ta faɗi a shekara ta 586, Babiloniyawa suka naɗa Gedaliya ɗan Ahikam mai mulkin talakawan da suka ragu, ya zauna a Mizfa. Suka fito da Irmiya daga inda aka tsare shi, suka danƙa shi a hannunsa. Uba ya ceci annabin, ɗa kuma ya ba shi masauki. Gedaliya ya ƙarfafa jama'a su zauna a ƙasar su tattara amfanin gona. Yohenan ɗan Kareya ya faɗakar da shi cewa sarkin Ammonawa ya aiko Isma'ilu ɗan Netaniya, wani daga zuriyar sarauta, ya kashe shi. Gedaliya bai gaskata ba. A watan bakwai Isma'ilu ya zo da mutum goma, suka ci abinci tare da shi, suka tashi suka kashe shi. Sauran jama'a suka tsorata suka gudu Masar, suka tafi da Irmiya. Har wa yau Yahudawa masu kiyaye addini suna azumin Gedaliya kowace shekara, nan da nan bayan idin sabuwar shekararsu.

Wani zai ce, duk wannan daga Littafi Mai Tsarki ne, ina shaida daga waje? Allah ya bar shaida a cikin ƙasa. A zamanin dā, idan magatakarda ya gama rubutu, sai ya naɗe takardar, ya ɗaure da zare, ya manna ɗan dunƙulen yumɓu a kan ƙullin, ya danna hatiminsa. Dunƙulen bai fi farcen yatsa girma sosai ba. Ɗanyen yumɓu ba ya daɗewa, amma idan wuta ta gasa shi yakan yi tauri kamar tukunya.

A shekara ta 1978 wani masani Bayahude mai suna Yigal Shiloh ya fara haƙa a tsohon sashen Urushalima da ake kira Birnin Dawuda. A shekara ta 1982 ma'aikatansa suka tarar da wani ɗaki wanda ya ƙone sa'ad da Babiloniyawa suka cinna wa birnin wuta. A cikin tokar suka sami irin waɗannan dunƙulen hatimi fiye da 50. Takardun duk sun ƙone, amma a bayan yumɓun ana ganin shatar zare da ta takarda. A fuskar ɗaya daga cikinsu an karanta, da tsohon rubutun Ibrananci, sunan Gemariya ɗan Shafan. A kan wani kuma akwai sunan Azariya ɗan Hilkiya, sunayen da muke samu a jerin manyan firistoci cikin 1 Tarihi.

Me ya sa masana da yawa suka yarda cewa wannan shi ne Gemariyan da ke cikin Irmiya 36? Sunan ya yi daidai, sunan uba ya yi daidai. An same shi a Urushalima, ba nisa da inda fada da Haikali suke. An same shi cikin tokar shekarar da birnin ya faɗi, kuma masu haƙa ne suka ɗauke shi daga inda ya kwanta, ba a kasuwa aka saye shi ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, gama akan ƙirƙiri kayan tarihi na jabu don kuɗi. Ku gwada da wani hatimi da aka samu a Lakish a shekara ta 1935, mai ɗauke da sunan wani Gedaliya wakilin fada. Waɗansu sun ce jikan Shafan ne. Amma hatimin bai faɗi sunan uba ba, mun kuwa riga mun ga Gedaliya fiye da ɗaya a zamanin, don haka masu hankali ba su kafa hujja a kansa. Mu ma ya kamata mu koyi wannan. Gaskiyar Allah ba ta bukatar mu ƙara mata gishiri.

Abin mamaki ke nan. Yehoyakim ya sa wuta ya ƙone littafin, Ubangiji ya sa Baruk ya sāke rubutawa har da ƙari, ga shi muna karantawa yau da Hausa. Wutar da ta cinye birnin kuwa ita ce ta gasa yumɓun da ya adana sunan mutumin da ya ce kada a ƙone.

Akwai suna ɗaya da ya rage, ba kuwa mai daɗin ji ba ne. A Ezekiyel sura 8, wajen shekara ta 592, an nuna wa annabin wahayi na dattawan Isra'ila 70 a wani ɓoyayyen ɗaki cikin Haikali, suna ƙona turare ga siffofin dabbobi da aka zana a bango. Mutum ɗaya kaɗai aka kira da suna a cikinsu, shi ne Yazaniya ɗan Shafan. Ba a faɗi kakansa ba, amma zamanin da matsayinsa sun sa masana da yawa suna ɗaukarsa ɗan gidan nan ne. Idan haka ne, to, a gidan da aka karanta Littafin Shari'a, a nan aka goyi mai bautar gumaka a ɓoye. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mai bin asali da gaskiya ba ya share sunan da ya kunyata dangi, Littafi Mai Tsarki ma bai share ba.

'Yan'uwa, ga abin da za mu riƙe. Gidan Shafan bai hana Urushalima faɗuwa ba. Sarki bai ji roƙon Gemariya ba, Gedaliya kuma ya mutu a wurin cin abinci. Ga idon duniya sun yi hasara. Amma cikin shekara 36, daga ranar da aka sami littafin zuwa ranar da birnin ya ƙone, kusan duk inda maganar Allah ta shiga hatsari akwai ɗan gidan nan a tsaye. Ɗaya ya karanta ta, ɗaya ya kāre mai faɗinta, ɗaya ya ba ta ɗaki, ɗaya ya kai ta Babila. Allah ya yi amfani da ma'aikatan gwamnati masu riƙe da alƙalami, kamar yadda ya yi amfani da annabi.

Yana da kyau mu san asalinmu. Mu tambayi tsofaffinmu tun suna da rai, mu rubuta sunayen iyaye da kakanni a shafin fari na Littafi Mai Tsarki na gida, mu kuma kula da littattafan baftisma da na aure da ke ikkilisiyoyinmu kada gara ta cinye su. Amma mu tuna da Yazaniya. Bangaskiyar uba ba ta wucewa ga ɗa kamar gona. Wanda kakansa ne ya fara karɓar bishara a ƙauyensu, shi ma sai ya tuba ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu don kansa. Wanda kuma ba shi da wani asali da zai nuna, kada ya karai. Firistocin da aka ambata a Ezra sura 2 an tsayar da su don ba a ga sunansu a takarda ba, amma Littafin Rai na Ɗan Ragon ba ya tambayar sunan uban kowa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin bayinka da suka riƙe maganarka a kwanakin wahala. Ka ba gidajenmu aminci irin nasu. Ka jawo 'ya'yanmu da jikokinmu gare ka, kowa da sunansa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.