Likkafar Dokin Ƙarfe

Mai zama wajen masu gyaran keke a Gaya ya san irin kekunan da kan faɗo cikin kayan Kwatano: sirara, marasa nauyi, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, taya ba ta fi kaurin babban yatsa ba. Shekara da shekaru gwanjon Turai na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya hauro Malanbil, ya ƙetare kogi zuwa Gaya, wani ya miƙe Dosso da Yamai, wani ya karkata Kamba. Rufe gadar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya dagula wannan hanya, amma kekunan da suka riga suka shigo suna nan ana hawa.

A jikin wasunsu akan tarar da wata feda 'yar mitsila, ba wurin aza silifa, sai wani baki mai sifirin kamar tarkon ɓera. Mai saye kan ɗauka ta karye ne, ya sa a kwance ta a ɗaura masa ta roba. Alhali lafiyarta ƙalau. Rabin kaya ce kawai, ɗaya rabin yana can a tafin takalmin Baturen da ya rabu da keken.

Wannan rabi na biyu wani ɗan faranti ne na ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗaure wa takalmi da noti, daidai tudun da ke ƙasan yatsu. 'Yan tsere masu Faransanci na ce masa "kal", fedar kuma su ce mata otomatik. Da Hausa kofato ya fi dacewa da shi, domin wanda ya saka shi ya taka kwalta, ƙwas-ƙwas za a ji kamar doki na tafe. Mahayi ya aza kofaton a bakin feda ya danna, sai ya ji ƙas, ƙafa da keke sun zama abu guda. Fita kuwa hanyar da aka saba ita ce a murɗa dunduniya waje. Ko an ja sama da ƙarfi, da wuya ta saki.

Mutanen Dosso, masu dawakin Zarmakwai, ba sa buƙatar dogon bayani a kan dalilin haka. Likkafa ce ke bai wa mahayi damar miƙewa a kan sirdi yana sukuwa, ita ce kuma abin tsoro in doki ya kayar da mutum ƙafarsa na ciki. Masu tseren keke sun daɗe da tasu likkafar: wani kwandon ƙarfe a gaban feda da ake zura yatsu, a ɗaure da tsirkiyar fata. Kafin mutum ya tsaya sai ya sunkuya ya sassauta ta da hannu. Har yau ana amfani da irinta, kuma ita ce ta kayar da shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, a jihar Delaware a watan Yunin 2022, lokacin da ya tsaya zai gaisa da jama'a ƙafarsa ta maƙale, gaban kyamarori.

A 1971 kamfanin Cinelli na Italiya ya fito da feda mai kulle takalmi, amma da hannu ake buɗe ta, har 'yan tsere suka yi mata laƙabi da mutuwa. Wadda ta karɓu daga Faransa ta zo. Kamfanin Look na garin Nevers, wanda sana'arsa ƙera maɗaurin takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara ce, ya kawo wannan dabara kan keke a 1984. Shekara ta zagayo, Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France karo na biyar da ita a ƙafarsa, daga nan gardama ta ƙare. Sai dai ba kowa ya miƙa wuya nan take ba: Sean Kelly ɗan ƙasar Ailan ya riƙe tsirkiyarsa har cikin shekarun 1990, yana cin gasa ana yi masa kallon ɗan gargajiya. A 1990 Shimano na Japan ya ƙara da samfurin SPD, mai ƙaramin kofaton ƙarfe da ke nutsewa cikin tafin takalmi, don masu hawan duwatsu da taɓo.

To yaya sabon shiga ke ƙarewa da ita? Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina a duniya, kuma ba a guje ake faɗuwa ba, a tsaye ne. Yaro ya fito atisaye kan hanyar Dosso, iska na kaɗa shi, ya manta da abin da ke ƙafarsa. Ya iso shingen jandarmomi, ko ɗan kabu-kabu ya gitta masa, ya matsa birki keke ya tsaya cak. Ƙafar da ta shekara goma tana sauka da kanta ta ɗago, ta ji an riƙe ta. Ya sake ja, ko gezau. Daga nan sai ya tafi gefe sannu a hankali kamar bishiyar giginya da aka sare, hannuwa na riƙe da kai, ƙafafu na nan a feda. Galibi abin da ake samu kujewar gwiwar hannu ne da dariyar masu shayi. Tsofaffin hannu kan gaya wa sabo tun ranar farko cewa wannan faɗuwa tana nan tana jiransa, kuma takan zo ne bayan ya fara sakin jiki, ba ranar da yake ɗar-ɗar ba. Sai dai faɗuwar da ke ba da dariya a filin ƙwallo ba ita ce faɗuwa kusa da tayar tirela ba, kuma Gaya gari ne na manyan motoci.

Matsala ta biyu a ɓoye take zuwa, ita ce gwiwa. A kan feda ta roba ƙafa na gyara zamanta ba tare da mai ita ya sani ba. Da an kulle ta a karkace, karkatar nan za a maimaita ta sau 80 ko 90 a kowane minti, awa bayan awa. Shi ya sa ake bar wa kofato ɗan wasa, dunduniya ta iya motsi kafin ta fita, kuma launi ke nuna yawansa. A na Look, baƙi ba ya motsi ko kaɗan, ruwan toka na ba da digiri 4.5, ja digiri 9. A na Shimano na kwalta kuwa ja ne marar motsi, rawaya mai digiri 6. Wanda ya sayi ja don kawai ya ga abokinsa da ja, bai duba sunan kamfani ba, yana iya saya wa kansa ciwo. Ko ƙwararru ba su tsira ba. A 2021 Lachlan Morton ɗan Ostireliya ya bi hanyar Tour de France shi kaɗai, sama da kilomita 5,500 cikin kwana 18. Tun a kwanakin farko gwiwa ta dame shi, ya cire fedar tsere ya ɗaura mai faɗi, ya yi mafi yawan tafiyar da takalmi sandal.

Akwai kuma wata magana da ake yawan yi wa sabon shiga, wai fa'idar fedar ita ce ƙafa ɗaya na dannawa ɗaya na ja sama, ƙarfi ya ninku. Zancen na da daɗin ji, awo bai goyi bayansa ba. Binciken da Guillaume Mornieux da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ya gwada mahaya a kan fedojin biyu, ya tarar a tafiya ta matsakaicin ƙarfi babu wani bambancin kirki, kuma wanda ya dage sai ya ja sama da gangan ƙarin wahala yake ɗora wa jikinsa. Amfanin yana wani wurin: lokacin da aka miƙe tsaye ana ƙure gudu a ƙarshen tsere, ko ana hawan tudu, ko keke na tsalle a kan gargada, ko ruwan sama ya sa feda santsi. A nan ƙafa ba ta zamewa, kuma wanda ya saba kan ce in ya koma tsohuwar feda ji yake kamar ya hau doki ba likkafa. Duk da haka Sam Hill, wani ɗan Ostireliyan, ya zama zakaran duniya a tseren gangaren duwatsu na Enduro sau uku a jere, 2017 zuwa 2019, da feda mai faɗi.

Manomin da ke ɗauko rake ko buhun shinkafa daga fadama zuwa kasuwa ba shi da abin yi da wannan feda. Yana tsayawa sau ɗari, yana sauka ya tura a yashi, kuma silifa ce a ƙafarsa. Cire ta da ya yi daidai ne. Wanda take da amfani gare shi shi ne matashin da ya ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ci kyautar koriyar riga a Tour de France ta 2024, ko yake mafarkin Tour du Faso da ake yi a maƙwabta tun 1987. A irin waɗannan gasa kowa da ita yake hawa.

Shi ɗin ma, a ƙasa irin ta Gaya da ta fi yawancin Nijar samun ruwan sama, kofato mai noti biyu irin na SPD ya fi masa. Kofaton roba mai noti uku na tseren kwalta tsakuwa na cinye shi da wuri, jar laka na toshe shi, samun madadinsa kuma sai an aika babban birni. Ba a fafe gora ranar tafiya: ya sassauta sifirin zuwa ƙarshe, ya jingina da bango ya shiga ya fita har ƙafar ta haddace, sannan ya koma filin makaranta da la'asar. Ya zaɓi ƙafa guda da zai riƙa saukewa kullum, ya cire ta tun yana hango wurin tsayawa, kada ya jira sai keke ya tsaya.

Masu gyara kuma, in irin wannan feda ta shigo hannunku, ku adana ta, akwai mai nemanta. Wajen kwancewa ku tuna zaren ta hagu a juye yake: ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna, ta nan ake kwance ta.