Sayen Teburin Rauta Na Hannu: Abin Da Mai Ƙaramin Shagon Kafinta Ya Kamata Ya Duba

Rauta na'ura ce ta sassaƙar katako da ke aiki da lantarki, wadda take juya wani ɗan haƙorin ƙarfe da gudun da ke tsakanin zagaye 8,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya, kuma da ita ake haƙa kwarmi a jikin katako, ake fitar da ado a gefen ƙofa ko na kabad, ake kuma yanke mahaɗar da katako biyu za su shige cikin juna. Tarihin na'urar yana komawa ga Oscar Onsrud da ɗansa, waɗanda suka ƙera irinta ta farko mai aiki da matsattsiyar iska a Amurka a 1915, sannan kamfanin ELU na Jamus ya fito da nau'in da ake danna shi ya nutse cikin katako bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Asalinta da hannu ake riƙe ta ana bin katako da ita, amma idan aka kifa ta aka ɗaure a ƙarƙashin wani shimfiɗaɗɗen allo, haƙorin ya leƙo ta wata huda a sama, sai aikin ya juye, ya zama katakon ne ake turawa ita kuwa tana tsaye. Wannan haɗin shi ake kira teburin rauta, kuma ya bambanta da babban injin sifindil na manyan masana'antun katako, wanda ya fi nauyi, ya fi ƙarfi, amma bai kai rauta gudu ba.

Teburin rauta ya fi yaɗuwa a Amurka da Kanada da Ingila da Jamus, inda mutane da yawa suke mayar da garejin mota ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin aikin kafinta na sha'awa, kuma idan mai shi ya tsufa ko ya sayi wanda ya fi shi, sai tsohon ya shiga kasuwar kayan hannu. Wani kaso na irin waɗannan kayan aiki yakan biyo kwantena ta Legas ko Kwatano ya iso Afirka ta Yamma cikin kayan da ake kira tokunbo, don haka mai saye a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yakan tarar da na'urar da aka ƙera domin wata ƙasa mai wutar lantarki da ma'aunai daban da na ƙasarsa. Abin da mai saye yake biyan kuɗinsa a kai shi ne daidaito, wato ikon teburin na fitar da yanka iri ɗaya daga farkon katako har ƙarshensa, kuma daga katako na farko har na hamsin. Saboda haka aibin tsohon teburi iri biyu ne: akwai na sassan da dama ake sauyawa da kuɗi kaɗan, akwai kuma wanda ya taɓa daidaiton kansa, kuma gwanintar saye ita ce rarrabe su.

Saman teburin

Farkon abin dubawa shi ne saman teburin, domin a kansa katako yake zamewa, kuma duk karkatar da ke jikinsa sai ta bayyana a aikin. Mafi yawan tebura masu sauƙin kuɗi da allon MDF ake yinsu, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse aka lulluɓe da santsin fomaika, kuma wannan allo yana da rauni biyu. Na ɗaya, babbar rauta takan kai kilo 6 ko fiye, kuma idan ta shekara da shekaru tana rataye a tsakiya, allon yakan lotsa a hankali. Na biyu, da zarar danshi ya samu hanyar shiga ta gefe ko ta ramin sukuru, allon yakan kumbura kuma ba ya sacewa, abin da ya sa ya kamata a shafa gefunan teburin da ya kwana cikin kwantena ko ya yi damina a rumfar kasuwa, a ji ko akwai tudu. Saman da aka yi da ƙarfen zubi ba ya lotsawa haka, sai dai yana tsatsa. Tsatsar da ta tsaya a sama tana fita da samfefa mai laushi da ɗan mai, amma tsagewa a jikin ƙarfen zubi aibi ne da walda ba ta cika magance shi ba.

Gwajin ba ya bukatar kayan tsada. Ana ɗora miƙaƙƙiyar rular ƙarfe a tsaye bisa gefenta, a tsawon teburin da fāɗinsa da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a haska tocila ta bayanta a duba ko haske yana ɓullowa ta ƙasa. Kaurin takardar rubutu ɗaya kusan kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, don haka idan takarda biyu ko uku suka shige ƙarƙashin rular a kusa da hudar haƙori, to teburin ya lotsa a daidai wurin da aiki ya fi bukatar daidaito. Illar hakan ita ce doguwar falanki takan haye kan lotsawar ba ta sauka ciki ba, gajeruwa kuwa takan sauka, sai zurfin yanka ya bambanta tsakaninsu alhali ba a taɓa saitin na'urar ba. Ɗan tudu kaɗan a tsakiya ya fi kwari sauƙin jurewa, domin katakon yana ci gaba da zama a kan teburin a gindin haƙori.

Faranti da dacewarsa

A tsakiyar teburin akwai faranti mai kusurwa huɗu na alminiyam ko na roba mai tauri, wanda a jikinsa ake ɗaure rautar, kuma yana zaune cikin gurbin da aka sassaƙa masa. Dole ne ya yi daidai da saman teburin, kuma ana gane haka ta hanyar tura ɗan guntun katako ya ratsa mahaɗar daga kowane ɓangare. Idan ya yi tuntuɓe, sai a duba ko ƙananan sukurorin daidaitawa da ke ƙarƙashin farantin suna nan kuma zarensu bai cinye ba. Girman faranti ba ɗaya ba ne a wurin kamfanoni: Kreg da JessEm da Woodpeckers suna amfani da inci 9 da kwata a inci 11 da kwata uku, yayin da na Rockler yake inci 8 da kwata a fāɗi, kuma ramukan ɗaure rauta ma sun bambanta daga wata na'ura zuwa wata. Idan teburin yana da na'urar ɗagawa, wato abin da ake murzawa daga sama haƙori ya hau ko ya sauka, sai a san kaurin injin da take riƙewa, domin Bosch 1617 da Porter-Cable 690 kaurinsu inci 3.5 ne, Porter-Cable 7518 kuwa inci 4.2. Wanda ya sayi teburi ba tare da rauta ba, ya kamata ya je da tasa ko da cikakken awonta.

Injin da kolet

Idan rautar tana cikin cinikin, to a saurare ta kafin a yi maganar kuɗi. Tun ba a jona ta da wuta ba, sai a kama sandar da ke juyawa a girgiza ta gefe da gefe, a kuma juya ta da yatsa. Motsi ko gurzuwa kamar akwai yashi a ciki alama ce boris ya ci, kuma sauya boris aiki ne da masu gyaran injin lantarki suka saba da shi. Haka ma ƙananan sandunan gawayi da ake kira burosh, waɗanda ke kai wuta ga sashen da ke juyawa, dama an yi su ne su cinye a sauya. Abin gudu shi ne tartsatsi mai yawa da ke zagaye cikin injin idan an kunna, ko ƙaurin ƙonewa, ko gudu mai hawa da sauka da kansa, domin waɗannan suna nuni ga ƙonannen koyil ko lalacewar allon da ke sarrafa gudu, kuma samun madadinsu ga tsohuwar na'ura yana da wuya. Sarrafa gudu wajibi ne a teburi, domin haƙori mai fāɗin inci ɗaya yana jure cikakken gudu, amma wanda ya kai inci uku, irin na fitar da allon ƙofa, sai an sauke shi zuwa wajen zagaye 12,000 ko ƙasa da haka.

Kolet shi ne ɗan zoben ƙarfe mai tsaga-tsaga wanda noti ke matsewa ya damƙe wutsiyar haƙori, kuma a nan ne bambancin ma'auni ya fi haɗari. Na'urorin Amurka suna ɗaukar wutsiya mai kwatan inci ko rabin inci, wato milimita 6.35 da 12.7, alhali na Turai suna ɗaukar milimita 6 da 8 da 12. A ido haƙorin milimita 12 yana shiga kolet ɗin rabin inci kamar nasa ne, amma akwai rarar milimita 0.7 da noti ba zai cike ba, kuma haƙorin da ba a damƙe shi sosai ba yana iya zamewa ko ya fice yana tsakiyar gudu. Don haka mai saye ya fara sanin irin haƙoran da ake samu a kasuwar garinsu, ya kuma kwance kolet ɗin ya duba cikinsa, ko akwai tsatsa, ko karce, ko bakinsa ya buɗe.

Wutar lantarki

Wutar gidajen Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100, ta Najeriya da Nijar da Gana kuwa tsakanin 220 da 230, sannan a Ingila akwai kayan aikin gini masu bolt 110 da ake ganewa da fulogi mai ruwan ɗorawa. Duk wannan yana rubuce a ɗan allon da ke jikin injin, kuma na'urar 120 da aka jona kai tsaye da 230 takan ƙone nan take. Babbar rautar Amurka tana jan amfiya 15, wato kusan wat 1,800, saboda haka tana bukatar taransifoma mai sauke wuta wadda ta fi wannan ƙarfi da rara mai kyau, kuma ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. Kuɗin taransifomar yana cikin kuɗin teburin, ko da mai sayarwa bai ambata ba.

Akwai kuma batun makunni, wanda ya fi muhimmanci a ƙasashen da ake yawan ɗauke wuta. Rautar da ke ƙarƙashin teburi akan bar makunninta a kunne, a riƙa sarrafa ta da wani babban makunni a gaban teburin. Nagartaccen irinsa shi ne mai maganaɗisu, wanda yake sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya kuma tashi sai an sake danna shi. Idan makunnin na yau da kullum ne, wuta ta tafi ana tsakiyar aiki, kafinta ya manta ya kai hannu yana sauya haƙori, to dawowar wutar ita ce tashin injin. Teburin da ba shi da wannan makunni sai a lissafa kuɗin sa masa shi, kuma ko da shi, ƙa'ida ita ce a zare fulogi kafin a taɓa haƙori.

Shinge, kariya da ƙura

Shinge shi ne doguwar sandar da ke bayan haƙori, wadda katako ke jingina da ita yayin da ake tura shi. Ana gwada miƙewarsa da rula, ana gwada tsayuwarsa da sikwaya, sannan a ɗaure shi a tura da hannu a ga ko zai gusa. Fuskokinsa biyu na katako ana iya sauya su a gida, amma ƙashin bayansa na alminiyam idan ya lanƙwashe ba ya miƙuwa. A tambayi ƙananan kayan da suka fi ɓata: murfin roba mai haske da ke rufe haƙori, zobban rage huda, sifanu, da allunan matsi masu yatsu da ke danne katako. A teburi haƙori yana juyawa akasin hannun agogo, don haka daga dama zuwa hagu ake tura katako, kuma ba a taɓa cusa shi tsakanin haƙori da shinge, domin na'urar za ta fizge shi ta ja hannu zuwa ga haƙorin.

A bayan shinge akwai bututun zuƙe ƙura, yawanci mai fāɗin inci 2.5, kuma ga wanda shagonsa yake cikin gida inda iyali ke shaƙar iska ɗaya, wannan sashe yana da nauyi. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta hanci, kuma ƙurar katakon loko sananniya ce wajen tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙarar rauta ma ta zarce desibel 85, matakin da daɗewa a cikinsa ke lalata ji, don haka takunkumi da abin toshe kunne da tabarau suna cikin kayan aikin.

Lissafi kafin sallama

Kafin a taya, mai saye ya tara kuɗin duk abin da zai ƙara: faranti ko kolet, boris da burosh, taransifoma, makunni, dako da la'adar dillali, sannan ya gwada jimillar da kuɗin sabo, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ya nemi a kunna na'urar a gabansa a yanka guntun katako, ya duba yankan ko ya fito sumul ko da gurzuwa da tabon ƙuna, kuma ya nemi sharaɗin mayarwa na 'yan kwanaki a gaban shaida, abin da fikihun ciniki ya riga ya tanada a babin zaɓi. Sauye-sauyen boris da burosh da fuskar shinge dalili ne na neman ragi, amma lotsattsen sama, tsagaggen ƙarfe, lanƙwasasshen shinge ko ƙonannen koyil dalili ne na barin cinikin. Idan injin lafiyayye ne teburin ne ya mutu, kafinta yana da wata mafita a hannunsa: ya taya injin da farantin kaɗai, ya manna filawud mai kauri biyu, ya lulluɓe da fomaika, ya sa masa katakon tokari ta ƙasa don kada ya lotsa, ya sassaƙa gurbin farantin da rautar da ya saya.