Ƙaramin Agogo Mai Tsaron Batirin Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya daɗe cikin ƙungiya ya san irin wannan dare. An yini ana tsinkar tumatir, an cika kwanduna, an ɗora a akori-kurar ƙungiya domin a kai kasuwa da asuba. An kama hanya, sai direba ya ga fitilu suna raguwa kamar a-ci-balbal da mai ya ƙare mata. Can sai inji ya mutu a tsakiyar daji. A murza makulli, shiru. Kafin a samo wani batir rana ta take, tumatir ya soma ruwa, masu saye sun watse. Wahalar wata uku ta tafi a banza. Wani lokaci ma ba tumatir ne a bayan motar ba, mace ce mai naƙuda a ke nufin asibiti da ita.

In haka ta faru, kowa sai ya ce batir ne ya mutu farat ɗaya. Amma sau da yawa ya yi kwanaki yana ƙarewa a hankali, ba wanda ya sani. Akwai wani ƙaramin agogo da zai faɗa wa direba tun da wuri.

Batir rumbu ne, ba gona ba

Batir ba ya yin wuta da kansa, ajiya kawai ya ke yi, kamar rumbu. Gonar da ke cika shi ita ce na'urar caji, wadda fambel ke juyawa sa'ad da inji ke aiki. A motocin da can ana kiranta dainamo. Daga 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya soma sa altaneta a motocinsa na yau da kullum, sauran kamfanoni suka bi. Tsakanin na'urar da batir kuma akwai abin da makanikai ke kira katawut, mai tsare wutar kada ta yi yawa, kada ta kasa.

Kowane tashin inji, kowace fitila, kowace oda, ɗiba ce daga rumbu. In gona ta daina kawowa, gida ba ya jin yunwa ran nan. Sai ran da aka leƙa aka ga ƙasan rumbu.

An soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, har wa yau kuwa waɗansu 404 da 504 suna nan suna ɗaukar taki da masara a hanyoyin ƙauye. Motoci ne masu ƙarfi, amma wayoyinsu sun tsufa, na'urar cajinsu ta sha ƙura da zafi shekara da shekaru.

Jar fitila ba ta isa ba

Wani zai ce, ai akwai jar fitila a gaban direba mai nuna caji. Gaskiya ne, amma ita ba ta kama sosai sai caji ya tsaya. In na'urar tana bayarwa kaɗan kaɗan, fitilar tana iya yin shiru alhali batir yana ramewa. In wutar ta yi yawa ma ba za ta ce kome ba. Ga wani abu kuma: a tsofaffin motoci da yawa, ta cikin ƙwan fitilar nan ne altaneta ke samun 'yar wutar da za ta fara aiki da ita. In ƙwan ya ƙone, mai yiwuwa caji ba zai soma ba sai an taka totur da ƙarfi. Saboda haka kullum in an murza makulli, a duba a ga fitilar ta kama kafin a ta da inji.

Agogon wuta shi ya ke cika wannan giɓi. Yana auna ƙarfin wutar mota da wani awo da a ke kira bolt, wanda a ke rubutawa da harafin V. Akwai mai allura, akwai mai nuna lamba. Mai lamba ya fi sauƙin karantawa, ana samunsa wurin masu sayar da kayan mota, kuɗinsa kuwa bai kai kusa da na sabon batir ba.

Yadda a ke ɗaura shi

Waya biyu ce kawai. Ja tana zuwa wurin da wuta ke isa sa'ad da an murza makulli, ta bayan fis. Baƙa kuma a ɗaure ta a jikin mota, inda aka kankare fenti da tsatsa. Kada a haɗa shi inda zai kwana a kunne. Akwai kuma irin da a ke cusawa a ramin kunna taba, shi ba ya bukatar waya, sai dai a riƙa zare shi da dare.

Ran da aka ɗaura, a roƙi mai gyaran wayar mota ya gwada da mitarsa a kan batir, a ga ko lambar ta yi daidai da ta agogo. A tsohuwar mota agogo yakan nuna ƙasa da 0.2 ko 0.3, gama wuta tana raguwa cikin tsohuwar waya. A rubuta bambancin, a riƙa tunawa da shi.

Dubawa uku

Na ɗaya, da safe kafin a ta da inji. Batir yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1. Cikakken batir da ya kwana yana nuna 12.6. In ya nuna 12.4, saura wajen kashi uku cikin huɗu. In 12.2 ne, rabi ya tafi. In ya sauka 12.0 ko ƙasa, rumbu ya kusa zama wayam. Batirin da a ke bari a haka yakan lalace, ko an yi masa caji ba ya komawa yadda ya ke. In jiya da dare ya cika, yau da safe ya faɗi, to, ko batirin ya tsufa, ko wata waya tana shan wuta a ɓoye.

Na biyu, sa'ad da a ke murza makulli. Lamba za ta faɗi, gama kik yana jan wuta da yawa. Amma in ta faɗi ƙasa da 10 ƙwarai, batir ya gaji, ko kuwa kawunansa sun yi datti ko sun kwance.

Na uku, sa'ad da inji ke aiki. A taka totur kaɗan. Lamba ta kamata ta hau, ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4. Sa'an nan a kunna manyan fitilu da waifa. Za ta ɗan sauka, amma kada ta yi ƙasa da 13. Mota mai dainamo ba ta yin caji sosai in inji yana silo, sai an ƙara masa wuta, wannan ba ciwo ba ne. Babbar mota mai batir biyu ta bolt 24, sai a ninka lambobin nan duka.

In lamba ta yi ƙasa

In inji yana gudu amma agogo yana nan wajen 12, caji ba ya shiga. A tsaya, a kashe inji, a fara da abu mai sauƙi. A danna fambel da babban yatsa: in ya lotsa fiye da rabin inci, ya yi sako-sako, a ɗaure shi. In ya tsattsage ko yana ƙyalli, a sake sabo. A duba kawunan batir. In sun yi farin gari, a cire su a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, a goge, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. A duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota. In duk waɗannan lafiya, sai a kai wa mai gyaran waya ya duba buroshin altaneta da katawut.

In abin ya same ku a hanya, a kashe rediyo da duk abin da ba tilas ba, a nufi gari mafi kusa, kada a riƙa kashe inji ana tayarwa. Da rana batir kaɗai yana iya kai ku wani wuri. Da dare fitilu za su shanye shi da sauri. Amma in fambel ne ya tsinke, kada a ci gaba, gama a yawancin tsofaffin motoci shi ne ke juya famfon ruwa, inji zai yi zafi ya lalace.

In lamba ta yi sama

Wannan ya fi ɓarna, gama mota tana tashi lafiya, kowa yana murna. In agogo ya haura 15, katawut ya kasa. Batir zai yi zafi, ruwansa ya riƙa tafasa yana ƙarewa, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila su yi ta ƙonewa. A watannin bazara abin ya fi sauri. Iskar da ke fita daga batir a lokacin tana kama wuta, don haka kada a kusance shi da ashana ko taba. In ruwa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir na kwalba har ya rufe faranti. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari: cire kan batir sa'ad da inji ke aiki, wai a ga ko zai mutu. A zamanin dainamo aka koyi wannan. A mota mai altaneta, wuta tana iya yin tsalle ta ƙone na'urar da a ke son gwadawa. Mai agogo ba shi da bukatar wannan gwaji.

Aikin ƙungiya

Motar ƙungiya hannu da yawa ke taɓa ta, kowa yana tsammani wani ya duba. Saboda haka a ajiye ɗan littafi cikin mota. Kowace safiya direba ya rubuta kwanan wata, da lamba kafin tashi, da lamba bayan tashi. A taron wata sakatare ya karanta. In a watan jiya 14.2 ne, yanzu 13.4, to, a fitar da kuɗin gyara tun mota tana ƙofar gida, kafin kaka ta zo.

Ma'aji kuma kada ya ba da kuɗin sabon batir sai ya ga littafin. In na'urar caji ce ba ta da lafiya, sabon batir zai bi sawun tsohon cikin 'yan makonni. Rigakafi ya fi magani. Ku kai maganar nan taronku na gaba, ku sa wa motarku agogo kafin a ɗora mata amfanin bana.